Baba Ya Ce a Kawo Shi Indabawa

Diobu, Fatakwal.

Zuwa ga Gwaggo Haulatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, irin wadda 'ya ke durƙusawa ta yi wa uwarta, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, ke da Malam da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taki? Mero ta ce yanzu sai da sanda kike fita tsakar gida. Allah ya yaye, ya sa kaffara ne, ya ƙara miki tsawon rai mai albarka. Kuka da daddawar da kika aiko sun iso lafiya, Mama ta gode ƙwarai, har ta ɗiba ta raba wa maƙwabta.

Mu nan damina ta zauna, ruwa safe ruwa yamma, lungunmu sai an tattare zani ake wucewa. Mama tana nan da hawan jininta, wata rana sama wata rana ƙasa. Cikin ƙanwata Mas'uda ya tsufa a can Anacha, muna sa ran sauka bayan Sallah, Allah ya raba lafiya. Ƙanwarmu Baiwa ta gama jarrabawa tana zaune a gida tana taya Mama aiki. Ni kuma ina nan da ɗan shagon ɗinkina, ko da yake rabona da in zauna a kan keke yini cur har na manta.

Gwaggo, maganar Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami. Duk lokacin da kika bugo waya yana kwance kusa da mu, shi ya sa ba ki taɓa jin komai daga bakinmu ba sai da sauƙi, alhamdu lillahi. Shi ma haka yake ce miki, ya ƙara da dariya don ki yarda. To ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ke ce babba a gidanku, bai kamata ki zama ta ƙarshen sani ba. Ina roƙon ki sa Mero ta karanta miki ke kaɗai a ɗaki, kuma ki yafe mini idan na faɗi abin da bai dace 'ya ta faɗa a kan mahaifinta ba. Ciwon nan bai bar mana kunyar da za mu ji ba.

Kin san ya daɗe yana fama da ciki. Tun ina 'yan mata nake ganin ya baro teburinsa na nama a kasuwar Mile 3 da rana tsaka, ya dawo gida yana riƙe da mara. Aka ce taifot ne, aka ce gyambon ciki ne, aka ce basir ne, har aka ce sammu ne daga abokan sana'a. Babu jiƙon da bai sha ba. Mutumin da ke saɓa cinyar saniya a kafaɗa ya haura da ita daga mota zuwa rumfa ba tare da ya huta ba, sai ga shi wando yana zame masa. Yana zagayawa ba adadi, kuma da jini. Da abin ya kai ya faɗi a Silota, wurin da suke yanka, Baffa Abdulfatah ya taso daga Anacha ya ɗauke shi, ni kuma na bi su, muka je wani babban asibiti a Inugu. A nan suka zura masa wani siririn bututu mai ido suka leƙa hanjin, suka ɗebi ɗan nama suka auna. Suka ce ciwon sunansa Kuron, wato kumburin hanji ne wanda jiki da kansa ke haddasawa, kamar sojan gida ya juyo yana yaƙar mutanen gida. Ba ɗaukarsa ake yi ba, ba kuma wani ne ya yi masa ba. Suka ce ana lallaɓa shi da magani, amma ba a raba mutum da shi.

Tun daga ranar na zama bakin Baba kuma na zama kunnensa. Turancin Burokan da yake cinikin shaki da hanta da shi bai isa ɗakin likita ba, Mama kuma ko shi ba ta iya ba. Likita zai tambayi launin bayan gidansa, da yawansa, da abin da yake ji idan ya tsuguna, ni kuma in juya in tambaye shi da Hausa, ni 'yar fari wadda ko sunana ba ya iya kira. Sai ya zuba wa bango ido ya amsa, ni kuma in zuba wa ƙasa ido in fassara. Haka muka yi ta yi. Ƙwayoyin da aka ba shi suka kumbura masa fuska, mutane suna ta barka ya yi ƙiba, alhali hannuwansa kamar sillen kara. Allurai suka yi aiki na ɗan lokaci suka daina. A bara ne hanjin ya tsuke a daidai inda ƙarami ke haɗuwa da babba, abinci ya daina wucewa, ya ci loma biyu sai amai, sannan wurin ya tara ruwa. Likitocin Inugu suka ce magani ya kai iyakarsa, sai an yanke ruɓaɓɓen wurin. Su ne suka tura mu wurin wata likita a wani asibiti mai zaman kansa a nan Fatakwal, suka ce tana aiki da sabuwar na'ura.

Sunanta Dakta Ibinabo, 'yar nan garin ce, mace mai sanyin magana. Alhaji take kiransa, shi da bai taɓa taka Makka ba, kuma bai taɓa gyara mata ba. Ta zaunar da mu ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce da can sai an tsaga ciki daga ƙirji zuwa mara, mutum ya daɗe a kwance, ga shi jikin Baba ya yi rauni, babban rauni zai yi wuyar warkewa. Amma yanzu akwai abin da suke kira robot, inji ne mai hannuwa huɗu na ƙarfe da ke tsayawa a kan majinyaci. Ƙananan huji kawai za a yi a ciki, kowanne bai fi ɗan yatsa ya shiga ba, a zura siraran hannuwan, ɗaya yana riƙe da ido, sauran da almakashi da matsi da allura. Ita kuma tana zaune a gefen ɗakin, kanta cikin wani akwati tana ganin cikin hanjin ƙato-ƙato, yatsunta a cikin wasu zobba, duk yadda ta motsa haka hannuwan za su motsa. Ta ce injin ba ya tunani, ba ya yanka da kansa, ita ce mai yi. Amfaninsa shi ne ba ya rawa, kuma yana lanƙwasawa ya shiga lungun da hannun mutum ba ya kaiwa. Ta ce burinta ta yanke ta haɗa a rana ɗaya, amma ta faɗa ta maimaita cewa naman hanjinsa ya sha wahala, ɗinki yana iya ƙin kamawa, kuma idan haka ta faru sai an fito masa da hanjin ta gefen ciki an sa jaka. Wallahi Gwaggo na fassara masa duka, har maganar jakar, sau biyu. Ya ɗaga hannu ya ce Allah ba zai kai mu can ba.

Da farko ya ƙi ƙememe. Ya ce shi tun yana ɗan saurayi yake fawa, bai taɓa sa wa dabba wuƙa ba sai hannunsa na hagu yana jikinta, yana jin ɗuminta, ta yaya za a yanka shi daga can lungun ɗaki kamar ana buga wasan yara a waya. Ya tambaya wa zai yi bisimilla, ita ko ƙarfen. Ya tambaya in aka ɗauke wuta hannun yana cikinsa fa. Ba ta yi dariya ba, ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya, ta ce akwai janareta akwai batir, kuma idan yana so ya yi bisimillarsa da ƙarfi kafin barci ya ɗauke shi, duk za su tsaya su jira. Sannan ta nuna masa hoton bidiyo a wayarta, injin yana ɓare wa 'ya'yan inabi fata yana sake ɗinke ta. Baba ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da ido. Ya sa na maido masa baya, ya sake kallo, ya sake. Can ya ce wannan wuyan hannu ne na gwani, ko ɗigon ruwa bai zubar ba. Daga ranar ya raɗa masa suna gizo-gizo, ya kuma yarda. Maganar kuɗi kada ta dame ki, ba ita ta sa na rubuto ba. Sarkin Fawa da jama'arsa da Baffa Abdulfatah sun rufa mana asiri, Allah ya rufa nasu.

An yi aikin da hantsi. Muna zaune a baranda ni da Mama da Baffa, ana ta zuba ruwan sama, carbin Mama har ya tsinke muka bi muna tsintar 'ya'yan. Bayan la'asar likitar ta fito ta ce ta yanke abin da ya kai tsawon kamu biyu ta haɗa, babu jaka. Da ya farfaɗo abin da ya fara yi shi ne ya laluba cikinsa. Ya ji 'yan filasta ƙanana a warwatse da ɗan guntun yanka a ƙasan cibiya, inda aka zaro ruɓaɓɓen, sai hawaye ya bi masa gefen ido. Washegari ya taka da ƙafarsa har bakin ƙofa. Gwaggo, da kin gan shi a kwanakin nan. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ɗage masa riga ya nuna. Yero, abokinsa da suke teburi ɗaya, ya rantse ba a yi komai ba, wai an dai cuce su an liƙa masa filasta. Baba ya yi ta dariya yana riƙe da ciki, yana cewa gizo-gizo ya fi su iya fiɗa. Ya sha kunu ya zauna, ya sha romo ya zauna. Har ya fara lissafin cewa Laraba ta biyu, ranar cin kasuwar Oil Mill, zai koma bakin sana'a, ya kuma ce wa Mama bana zai yi azumi cikakke, ya rama na shekarun baya. Ranar ce kika bugo kika ji muryarsa garau kika yi ta hamdala. Ba ƙarya muka yi miki ba a ranar.

Ana shirin sallamarmu zazzaɓi ya rufe shi. Cikin ya ɗaure kamar ganga, ko yatsa aka ɗora sai ya yi ƙara, shi da ban taɓa jin ƙararsa ba. Aka gudu da shi ɗakin hoto, aka dawo aka ce ɗinkin ya saki ta gefe, ƙazanta tana zuba a cikin ciki. Dakta Ibinabo ta ce yanzu ba lokacin ƙananan huji ba ne, rai ake nema. Baba bai ma san inda yake ba, Baffa ne ya ba da izini. Suka tsaga shi da wuƙa tun daga ƙirji har mara, irin tsagar da aka yi ta gudu, suka wanke cikin, suka fito da bakin hanjin ta gefen dama. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Daga baya na tambaye ta ko injin ne ya yi kuskure. Ta ce a'a, ko da hannu ta ɗinka abin da zai iya faruwa ke nan, naman ne ya yi laushi saboda yunwar shekaru da ƙwayoyin da ya sha, kamar a ɗinka tsohon yadi da sabon zare. Wannan kam na gane, sana'ata ce. Tana faɗa idonta ya yi ja. Ban riƙe ta a zuciya ba, har yau ita ke kiran wayata tana tambayarsa.

Da ya farka ya sake laluba cikinsa kamar wancan karon. Hannunsa ya sauka a kan jakar. Ya janye hannun ya goge a zanin gado, ya juya fuska bango. Jakar ta roba ce, ana manna ta a fata, duk abin da ya ci nan yake fita, ruwa-ruwa, ba ya sanin lokacin zuwansa balle ya riƙe. Ma'aikaciyar jinya ni ta koya wa yadda ake canzawa, tunda ni ke jin Turanci. Sau ɗaya tak ya bari na yi masa. Ya rufe fuska da hula har na gama, sannan ya ce in nuna masa, ba zan ƙara ba. Shi yake yi yanzu, ya kulle ƙofa, kuma ya fi ni iyawa. Amma fatar wurin ta saɓule saboda ruwan yana ƙona ta, ga zafin garin nan da gumi, mannin ba ya daɗewa. Jakunkunan ma wuyar samu suke yi, sai Baffa ya bi kasuwar magani ta Anacha rumfa-rumfa ya aiko mana a mota. Likitar ta ce ba ta har abada ba ce. Idan ya ci ya yi nauyi, jini ya dawo, za ta sake shiga da injin ta mayar da hanjin ciki. Da wannan maganar muka dawo gida, muna riƙe da ita da hannu biyu.

Abin da ya fi damunsa salla ce. Ya ce ta yaya zai tsaya gaban Ubangiji da najasa rataye a jikinsa. Liman ya zo har ɗaki ya zauna da shi, ya ce masa shi mai lalura ne, addini ya sauƙaƙa masa, ya zubar da abin da ke jakar, ya yi alwala, ya yi sallarsa, ko a sahun gaba ne. Ya daɗe yana ja masa ayoyi, har Baba ya saki jiki. Wata Juma'a ya yi wanka, ya sa farar rigarsa, ya hau okada ya tafi masallaci, muna tsaye a ƙofa muna murna. Yero ne ya ba mu labarin abin da ya faru, don shi bai taɓa faɗa ba. A sujadar raka'a ta biyu mannin ya saki. Ya ɓata rigar, ya ɓata tabarma. Babu wanda ya ce uffan, babu wanda ya matsa. Da aka sallame wani dattijo da ke gefensa ya cire babbar rigarsa ya yafa masa, mutane suka sunkuyar da kai suka ba shi hanya. Yero ya ce da ma wani ya yi tsaki, da Baba ya samu wanda zai yi fushi da shi. Ya dawo gida cikin rigar mutane, ya shige ɗaki. Rabonsa da ƙofar gida ke nan, sai dai in asibiti za a kai shi.

Daga ranar ya gano wa kansa dabara, ita ce kuma take kashe shi. Ya lura in bai ci ba jakar ba ta cika da wuri. Sai ya daina ci. Da safe ya ce sai ya yi walaha, da rana ya ce sai bayan azahar, bayan azahar ya ce la'asar ta kusa. Ruwan gishiri da sukarin da aka ce ya riƙa sha don kada ƙodarsa ta bushe, sai ya kurɓa ya ajiye. Mama ta yi tuwo mai laushi da kukar da kika aiko, ta yi fate, ta yi farfesun kaza, ya duba ya ce an gode, a ba yara. Ta yi kuka, ta yi fushi, ta ƙi cin nata ita ma, bai motsa ba. Na ce masa Baba, likita ta ce sai ka ci za a cire jakar. Ya ce ya ji, in sha Allahu gobe. Sau biyu muna kwasarsa a keke napep zuwa asibiti ana ƙara masa ruwa. A makon da ya wuce ya sa Baiwa ta ɗauko masa wuƙaƙensa da adda daga ƙarƙashin gado. Ya zauna a bakin ƙofar ɗaki ya wasa su ɗaya bayan ɗaya, yana yi yana hutawa, ya shafe su da mai, ya naɗe a buhu, ya aika wa Yero. Yero ya dawo da su da kansa, ya ce ajiya dai zai karɓa, ba kyauta ba. Baba ya ce ya kira ta duk sunan da ya ga dama.

Na so in rubuto miki tun a lokacin, in roƙe ki ki yi masa faɗa ya ci abinci a yi aikin nan na uku. Sai aka sake ɗaukar hoton cikin. Ciwon ya ɓullo a wani wuri can sama, inda da lafiya lau yake. Dakta Ibinabo ta daɗe tana kallon hoton kafin ta juyo. Ta ce ba ta cire rai ba, akwai wata allurar da za a gwada, amma maganar mayar da hanji a ajiye ta tukuna, kuma ba za ta iya sa mana rana ba. Na buɗe baki zan fassara, Baba ya ce in bari, wannan ya ji ba sai da tafinta ba. A hanyar dawowa cikin keke ya ce mini shi ya gama da Fatakwal. Ya ce ya zo garin nan da ƙarfinsa, garin ya ci rabonsa, saura kuma na gida ne. Yana son a kai shi Indabawa, can Kano, gidan da aka haife shi, ya ji kiran sallar masallacin unguwarku ko daga kwance ne, kuma in ta Allah ta kasance a sa shi kusa da Inna mahaifiyarku, ba a cikin wannan ƙasa mai ruwa ba. Ya faɗa ba da ɗaci ba, kamar mai faɗin farashin nama.

Mun yi iya yinmu. Baffa ya zo ya kwana biyu yana lallashi, Sarkin Fawa ya zo, Liman ya dawo. Likitar ta ce ba ta ba da shawarar doguwar tafiya ba, don zafin hanya kaɗai ya isa ya busar da shi, amma ta ce ta ga majinyata da yawa, wanda zuciyarsa ta riga ta tafi ba a tsare shi da gado. Ta yi alkawarin za ta ƙara masa ruwa ana gobe za mu tashi, ta kuma haɗa mu da wani likita abokin karatunta a can Kano, wanda zai ci gaba da allurar idan Baba ya yarda. Don haka muna tafe, Gwaggo. Baffa ya samo ƙaramar mota wadda za a kwantar da kujera. Za mu tsaya Anacha ya huta ya ga Mas'uda, sannan mu kamo hanya a hankali, ni da shi da Mama. Baffa zai bugo miki ranar da muka tashi. Ban sani ba ko daidai muke yi. Wani lokaci ina ganin kamar da hannunmu muke kai shi, wani lokaci kuma in ga barinsa a nan shi ne zaluncin. Na yi istihara ban ga komai ba.

Ga abin da nake roƙo. A gyara masa ɗakin da ya fi kusa da bayi, a sa labule mai kauri, a ajiye buta da bokiti mai murfi. Kada a bar 'yan dubiya su cika masa ɗaki, a riƙa shiga ɗaya-ɗaya, kuma in ya ce a fita a fita ba tambaya. Na san masu kawo jiƙo da turare za su zo da kyakkyawar niyya, ki tare mana su, hanjin da ya rage masa ba zai ɗauka ba. Sannan don girman Allah, idan aka fito da shi daga mota kada ki yi salati da ƙarfi, kada ki bar matan gida su fashe da kuka. Ba ƙanen da kika sani za ki gani ba. Ni kaɗai ina iya ɗaga shi daga katifa. Ki daure ki yi masa sannu da zuwa kamar ya zo cin Sallah, ki yi masa faɗan daɗewa bai zo gida ba, kukan mu yi shi daga baya a ɗakinki.

Na ƙarshe shi ne mafi nauyi. Shekaranjiya Mama tana goge masa baya sai ya hau ba ta labarin yarinta, abin da ba ya yi. Ya ce lokacin da ya yi ƙyanda yana ƙarami ya ƙi cin komai, Inna ta gaji ta zauna tana kuka, ke ce kika ɗaura shi a baya kika zagaya da shi bayan gida, kika sauke shi a kan turmi, kika dama fura a ɗan ƙoƙo, kina kurɓa kina ba shi, kina ce masa in bai sha ba ke ma ba za ki sha ba har ku mutu tare. Ya ce tsoron kada ki mutu ne ya sa ya shanye. Yana faɗa yana murmushi, rabon da mu ga haƙoransa an daɗe. Gwaggo, mu ya fi ƙarfinmu. Matarsa ce da 'ya'yansa, yana iya ce mana a'a. Ban ce za ki warkar da shi ba, na daina sa wa raina wannan. Amma ki dama furar, marar yaji, mai ruwa-ruwa, ki zauna kusa da shi. Ko kurɓi uku ne.

Ki gaishe mini da Malam da kyau, a ce masa muna barar addu'a. Ina gaida Baffa Musaddiq da iyalinsa, da Mero da maigidanta da yara, da Abdulmuhaimin idan ya dawo daga makaranta, da duk wanda ya tambaye mu. Mero, ke da kike karantawa, na gode, ki riƙe abin da kika karanta a cikinki. Mama tana gaishe ki tana cewa ki yafe mata shirun da ta yi. Baiwa da Mas'uda suna gaisuwa. Gaisuwar Baba kuwa ban sa ta a nan ba. Ina roƙon Allah ya kai mu ya yi miki ita da bakinsa.

Wassalam. Taki har kullum,

Mu'minat Zailani